Filastar da na manna a jikin kwamfutar haya

Litinin, 3 ga Maris

Sabuwar kwamfuta ta zo. Ranar Asabar kamfanin haya suka kawo ta suka ɗauke tsohuwar, lokacin na kai Mama asibitin ido, Yaya ne ya tsaya musu. Fara ce, siririya, ko ƙara ba ta yi. Kafin in ajiye jaka ta gama buɗewa.

Shekara biyu da suka wuce da muka buɗe ɗakin gwajin jinin nan, sai da muka yi sati ba ma ga maciji da Yaya a kan maganar. Shi a saya, ni a yi haya. Kuɗinsa ne, amma ni na yi karatun, ni ke zama a nan daga safe zuwa yamma. Na ce masa in an saya, shekara uku ta tsufa a hannunka, in ta lalace kai da aljihunka. Haya kuwa su gyara, su canza maka sabuwa duk shekara biyu. Shi mutum ne da har yau rediyon Baba da ya mutu tun ina firamare yana ɗakinsa, wai nasa ne.

Yau na ce masa, "Yaya, da mun saya da yanzu wa zai ba mu wannan?" Ya ce, "Auta, ke dai ki yi aikinki." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 5 ga Maris



Injiniyan kamfanin ya dawo haɗa mana firinta. Muna hira na ce ya kyauta da ya kwaso mana komai daga tsohuwar, ko sakamako ɗaya bai ɓace ba. Sai kawai na tambaya, ba don komai ba, "Ita tsohuwar kun goge ta ko?"

Ya ɗago ya kalle ni. Ya ce, "Hajiya, gogewa ai aikinku ne. Yana cikin yarjejeniya, shafi na huɗu. Mu kwafa muke yi mu ɗauka."

Na ce to ai akwai kalmar sirri. Ina faɗa na tuna. Yaya kullum sai ya manta ta, ya kira ni ina tsakiyar ɗibar jini. Da na gaji na yanki filastar da muke manna wa kwalaben gwaji, na rubuta kalmar da biro, na manna a gefen kwamfutar. Da manyan baƙi, don idonsa.

Da filastar suka tafi da ita. Na duba ƙasan tebur, na duba kwandon shara, kamar mahaukaciya. Babu.

Na ciro yarjejeniyar. Shafi na huɗu, layi na biyu daga ƙasa. Ga sa hannuna a ƙarshe, har da 'yar lanƙwasar nan da nake yi in ina jin kaina.

Alhamis, 6 ga Maris

Mutum sama da dubu biyu ne a cikinta. Suna, lambar waya, abin da aka gwada, abin da aka samu. Amma ƙarya nake in na ce su dubu biyun ne suka hana ni cin abinci. Mutum ɗaya ce.

Ko a nan ba zan rubuta sunanta ba. Mai ɗinki. Shagonta na jikin namu, bango ɗaya, ina jin kekenta duk yini. Shekara shida muna tare, tun kafin mu kama wurin nan. Kullum da azahar takan shigo da kofinta mu sha shayi a bayan labule. Ba ta taɓa karɓar kuɗin ɗinki a hannuna ba, ni da 'yata, in na matsa sai ta ce in bari ranar da ta yi arziki ta haɗa ta karɓa.

Bara, wata uku bayan rasuwar mijinta, ta jira har layi ya watse ta ce in gwada ta. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Likita, kada ki rubuta sunana a ko'ina. Ki duba ki faɗa mini da baki." Haka duk layin nan suke kirana, Likita, alhali ban kai ba. Na ce mata wallahi ba zan rubuta ba.

Cutar nan ce mai karya garkuwar jiki. Tana da ita. Tana shan magani, ta yi kyau, ta fi ni ƙarfi ma. Duk duniya ni da likitan da na tura ta wurinsa muka sani.

Shi likitan sai da takarda. Kwamfutar kuma ba ta fitar da takarda sai an cike suna da lamba. Na sa, da niyyar ina bugawa in canza. Aka kawo wata mai ciki ta suma a bakin ƙofa, na tashi. Bayan kwana biyu na tuna, na ce a raina ai kwamfutata ce, wa zai gani.

Kwamfutata. Ni da na yi sati ina faɗa da Yaya don kada ta zama tamu.

Matan layin nan su ne cinikinta gaba ɗaya. Na san su. Na san abin da suka yi wa mai kitso da aka yi mata ƙaryar tarin fuka, ƙarya ma fa, wata biyu ta tattara ta bar unguwar. Mai ɗinki tana da yara uku da keke ɗaya.

Juma'a, 7 ga Maris

Ta shigo shan shayi. Na zuba mata sukari sau biyu. Ta ce, "Likita, kashe ni za ki yi?" Ta yi dariya, ni ma na buɗe baki kamar ina yi.

Litinin, 10 ga Maris

Ofishin kamfanin haya. Hawa na biyu, sanyin na'ura kamar cikin firij, kwamfutoci a jere a kan kanta kowace da lambarta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman filasta.

Manajan yana da fara'a, irin fara'ar da ba ta kai ka ko'ina. Ya duba ya ce tamu ta riga ta fita. Tsofaffin kwamfutocin da suka dawo sukan ba wa ƙananan shaguna haya da sauƙi. Tun ranar Talata ta fita.

Na ce wa aka ba? Ya ce, "Hajiya, ba ma fitar da bayanan abokan cinikinmu. Sirri ne." Sirri! Saura kaɗan in yi ashar a gaban mutane.

Na ce to ku sayar mini da ita, ko nawa ne. Ya ce su haya suke bayarwa, ba sa sayarwa. In na rubuto takarda za su duba, wata mai zuwa in an fita zagaye a goge ta. Ya raka ni har bakin matakala yana tambayata ko ina jin daɗin sabuwar.

A hanyar dawowa duk wanda ya kalle ni sai in ga kamar ya karanta.

Talata, 11 ga Maris

Na kai wa Mai ɗinki yadin 'yata, rigar bikin kammala makarantarsu. Ta auna ta tana tsokanarta wai ta fi uwarta tsayi da hankali. Wasu mata biyu na zaune a benci suna jiran kayansu. Ɗaya ta duba waya, ta nuna wa ɗayar, suka yi ƙus-ƙus, suka kalli wajen keke.

Na ce a raina shi ke nan, maganar ta fito. Na matsa kamar zan ɗauki almakashi na leƙa wayar. Hoton wuyan riga ne, irin wanda suke so a yi musu.

Na shiga bayi na zauna a kan bokiti har numfashina ya dawo.

Laraba, 12 ga Maris

Na ɗebi jinin wani tsoho sau biyu saboda na manna wa kwalbarsa sunan wani. Ban taɓa yi ba. Yaya ya gani, ya ci gaba da aikinsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kira injiniyan sau tara. A na goma ya ɗauka ya ce, "Hajiya, aikina za ki ja mini." Na ce masa yana da uwa? Ya ce yana da. Na ce in da takardar asibitinta ce a ciki fa? Sai ya ce shagon buga takardu ne, na uku daga ƙofar kotu, mai koren ƙyaure. Ya ce bai faɗa mini ba, kuma bai san ni ba.

Ƙofar kotu. Inda rabin garin nan ke zuwa buga takardar haya da ta gado. Ƙanin mijin Mai ɗinki ma can yake yini, shi da ya so ƙwace kekenta bayan rasuwa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na same ta.

Shagon ƙarami ne, tebur uku, mutane a tsaye har waje kowa da takarda a hannu. Tana tebur na tsakiya, wata budurwa na buga wasiƙa a kanta tana taunar cingam. Filastar na nan. Rubutuna, manyan baƙi, gefe ɗaya ya ɗan ɗago.

Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, tabarau a goshi. Na ja shi gefe na gaya masa ko ni wace ce. Ya ce, "Ashe ke ce mai filasta. Allah ya yi miki albarka, kin hutar da mu, da ba mu san yadda za mu buɗe ta ba."

Na ce, "Baba, akwai wasu bayanai a ciki. Kun buɗe?"

Ya sauke tabarau ya goge. Ya ce ranar farko ya ga wani abu mai alamar ɗigon jini, ya danna, ya ga sunaye sun zubo. Ya ce da ya gane na asibiti ne ya rufe. "Ni shekara talatin ina buga wa mutane asirinsu, 'yata. Na iya rashin gani."

Na ce su 'yan matan da ke masa aiki fa? Ya ce su uku ne, suna canji, ya hana su taɓawa. Sai ya ƙara da cewa shi ba kullum yake zaune ba, yana fita salla, yana zuwa banki.

Kwana goma ke nan tana wurin.

Ya ɗaga budurwar, na zauna. Kafin in goge na nemi sunan. Yana nan, da lambar wayarta, da sakamakon a ja. Na goge komai, na cire filastar na cusa a jaka. Budurwar tana tsaye a bayana duk lokacin. Ban san inda take kallo ba, ban iya juyawa ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na kira injiniyan in yi masa godiya. Ya ce, "Gogewar da kika yi ta ido ce kawai. Wanda ya iya, minti ashirin ya dawo da su. Sai an cire faifan da ke cikinta, shi ke ajiye komai." Na ce to a cire. Ya ce akwai sitikar kamfani a kan murfin, duk wanda ya yaga ta ya karya yarjejeniya, dattijon ne zai kwana a ciki.

Na koma na samu Yaya yana lissafin safar hannu. Na rufe ƙofa na gaya masa. Ban da maganar Mai ɗinki, wannan ba tawa ba ce da zan bayar. Na tsaya ina jiran ya ce ai na faɗa miki. Na ma shirya amsar da zan ba shi.

Ya ce, "Kawo takardar."

Ya sa tabaransa ya karanta ta tun daga shafin farko, yana bi da yatsa, leɓensa na motsi. Kusan awa ɗaya. Ni ina ta kai da komo kamar kazar da za ta yi ƙwai. A shafi na shida ya tsaya ya ce, "Auta, zo ki gani. Sun ce ba sa sayarwa ko? Nan sun ce wanda ya lalata ta zai biya kuɗinta gaba ɗaya, gawar ta zama tasa."

Na ce to?

Ya ce, "To sai mu lalata ta."

Sai da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Akwai wanda na sani a ciki ko?" Na ce akwai. Ya ce kada in faɗa masa.

Litinin, 17 ga Maris

Dattijon ya yarda, da sharaɗin Yaya ya biya kamfanin a gabansa kuma su kawo masa wata kafin ya rasa ciniki. Aka kira manajan a waya. Ya yi ta cewa ba a taɓa yin haka ba, Yaya ya yi ta karanta masa shafi na shida a hankali kamar mai koya wa yaro karatu, har ya gaji ya turo injiniya da rasit.

Kuɗin ya kusa na sabuwa. Na san na gyaran rufin gidan Yaya ne, matarsa ta gaya mini tun watan jiya. Bai kalle ni ba da yake biya, na gode masa da hakan.

Yaya ya fito da sukundireba daga aljihu, ya yaga sitikar da kansa. Faifan ɗan ƙarfe ne, bai fi tafin hannuna ba. Wai wannan ne. Na naɗe shi a hankici.

Gawar kwamfutar kuma Yaya ya ɗaure ta a bayan babur ya kai gida. Na tabbata tana kusa da rediyon Baba.

Talata, 18 ga Maris

Faifan na cikin jakata. Na ɗauka in ya zo hannuna zan samu sauƙi.

Kwana goma, 'yan mata uku. Wataƙila ba wadda ta duba. Wataƙila ɗaya ta duba ba ta san ta ba. Wataƙila ta san ta tana jiran ranar da za su yi faɗa. In maganar za ta fito, gara ta ji daga bakina ta shirya, da ta ji daga bakin mai sayar da zare.

In kuma na yi shiru ba abin da ya fito, ba za ta taɓa sani ba, mu ci gaba da shan shayinmu. Tun safe wannan tunanin yake mini daɗi, shi ya sa nake tsoronsa.

Laraba, 19 ga Maris

Na faɗa mata.

Da azahar, a shagonta, na sa ta tura ƙyaure. Rigar 'yata na kan keke, saura hannu ɗaya. Na fara daga haya da shafi na huɗu da filasta, ina ta zagaye-zagaye. Ta bar ni har na ƙare. Ƙafarta na kan feda ba ta motsa ba.

Ta ce, "Kin rubuta sunana?"

Na ce kwamfutar ce ba ta fitar da takarda sai...

Ta ce, "Likita. Kin rubuta?"

Na ce na rubuta.

Ta ce, "Kin ce wallahi."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na fi so. Ta tambayi su wane ne 'yan matan, na kwatanta mata su. Ta ce mai cingam ɗin ta taɓa kawo mata ɗinki sau ɗaya. Ta faɗe shi kamar tana faɗin farashin maɓalli.

Na kwance hankicin na ajiye faifan a kan teburin yanka. Ta ce, "Wannan na waye yanzu, na kamfani?" Na ce a'a, mun saya. Ta ɗauko gudumar da take buga maɓallin ƙarfe da ita, ta sa shi a ƙasa a kan siminti. Ta daɗe tana dukansa. Mai shagon gaba ya leƙo ya ce lafiya, ta ce lafiya lau, kwalba take fasawa.

Da ta gama ta share gutsattsarin da tsintsiya, ta zuba a hankicina ta miƙo mini. Ta ce in je, tana da aiki.

Alhamis, 20 ga Maris

Ba ta shigo ba. Kekenta na ta aiki ta bango.

Asabar, 22 ga Maris

Mata na shiga shagonta suna fita kamar kullum. Ina ƙirga su ta taga, ban san ranar da zan daina ba. Yau bakwai.

Litinin, 24 ga Maris

Tun Alhamis lamba nake sa wa mutane a kwamfuta, sunayen suna wani littafi a durowa mai makulli. Aikin ya ninku. Kalmar sirrin kuma na sa Yaya ya haddace, na yi ta tambayarsa kamar ɗan makaranta har ya ce zai mare ni.

Na ce masa in wa'adin wannan ya cika, mu duba ta saye. Don dai lissafi ne, ba wani abu ba. Ya ce to. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, mugun.

Da azahar ta zo. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya da rigar 'yata a leda, an goge ta, an ninke. Ɗinkin ya yi kyau, har ta ƙara wani ɗan aiki a wuya da ban ce ta yi ba. Ta gaishe ni, ta tambayi idon Mama. Na ce ga shayi a kan wuta. Ta ce ta sha.

Na buɗe jaka na ce nawa ne, yadda na saba faɗa duk shekarun nan don ta harare ni ta ce in bari sai ta yi arziki.

Ta faɗi kuɗin. Na ƙirga na ba ta, ta karɓa, ta ce ta gode.

Kofinta na nan a bayan labule. Na wanke shi na mayar inda yake.